Na samu gurbin karatun jinya, amma maigida ya ce in bari sai baɗi

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 34, muna zaune a Amurka da 'ya'ya biyu. Babban yana aji uku na firamare, ƙaramar ba ta isa shiga makaranta ba. Shekara huɗu ke nan ina aikin CNA, mataimakiyar jinya, a wani gidan kula da tsofaffi, wato wanka, ciyarwa, canza shimfiɗa da juya waɗanda ba sa iya juyawa da kansu. Bana na zauna jarrabawar shiga, kuma wata kwalejin gwamnati da ke kusa da mu ta ba ni gurbin karatun LPN, wato matakin farko na nas mai lasisi, na wata 12. Saura mako bakwai a fara.

Da farko maigidana ya yi murna, shi ma ya biya kuɗin fom. Amma da jadawali ya fito ya ga kwana biyar ne a mako, sai jikinsa ya yi sanyi. Direban babbar mota ne, yakan yi kwana uku a hanya. Yana tambaya wa zai kula da yara, da me kuma za mu biya haya idan na rage aiki. Bai hana ni ba, sai dai kullum maganarsa in bari sai baɗi. Wata ƙawata da ta yi RN, wato cikakkiyar nas mai rajista, ta ce LPN ɓata lokaci ne, in wuce RN kai tsaye. Wata kuma ta turo mini lambar wata makaranta da ke cewa a wata shida ake gamawa, yawancin karatun ta intanet. Ni kuwa rabona da aji shekara 15, tun can ba ma shiri da lissafi, Turancina kuma na wurin aiki ne, ba na littafi ba. Ina tsoron in shiga in faɗi, kuɗi su tafi, a ce ai da ma an gaya miki. In fara, in ɗaga, ko in haƙura?

Wata 'yar'uwa daga Amurka

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Barka da wannan gurbi. Kujerun karatun jinya a kwalejojin gwamnati ƙidayayyu ne, wasu wuraren har jerin jira ake shiga, ga shi ke kin zauna jarrabawar shiga da Turancin nan da kike rainawa da lissafin nan da ba kwa shiri, kuma kin haye. Saboda haka batun haƙura ki cire shi gaba ɗaya. Ina karkata ga ki fara bana, amma da sharaɗin ki yi amfani da makonnin nan bakwai wajen daidaita gida. A ganina mace mai irin yanayinki ba a kan takardar jarrabawa ta fi faɗuwa ba. Tana faɗuwa ne ranar da mai riƙon yara ta buga waya da asuba ta ce ba za ta samu zuwa ba, ko watan da kuɗin haya ya gaza ta koma aikin dare tana gyangyaɗi a aji.

Makarantar wata shida kuwa, ki goge lambar. Ba wanda ke samun lasisin LPN sai ya ci jarrabawar ƙasa da ake kira NCLEX-PN, kuma yawanci ba a barin mutum ya zauna ta sai ya kammala karatu a makarantar da hukumar kula da aikin jinya ta jiha ta amince da ita. Karatun kuma dole ya haɗa da sa'o'in aiki a gaban marasa lafiya, ido da ido, ƙarƙashin malama. Allura da sa robar fitsari ba a koyon su ta waya. A watan Janairun 2023 hukumomin tarayya sun bankaɗo wata badaƙala a jihar Florida, inda wasu makarantu suka sayar da takardun shaidar karatun jinya na bogi fiye da 7,600, kuma jihohi suka bi sawun waɗanda suka saya suna soke lasisinsu. Ban ce makarantar da aka turo miki tana cikin irin waɗannan ba, amma ba ki da dalilin gwada sa'a alhali kina da gurbi a hannu. Ko kwalejin da ta ɗauke ki ma, ki shiga shafin hukumar jinya ta jiharku ki ga sunanta da idonki. Yawancin hukumomin suna wallafa yawan ɗaliban kowace makaranta da suka ci NCLEX a zaman farko, ki duba wannan ma.

Sai maganar maigida, wadda ita ce babba. Mutumin da ya zaro kuɗi ya biya miki fom ba maƙiyin ci gabanki ba ne, kuma ina roƙonki kada ki bari wata ta fassara miki mijinki ta ce baƙin ciki yake yi ko tsoro yake kada ki fi shi samu. Tambaya biyu ya yi, kuma duk biyun tambayoyin mai hankali ne. Ki ɗan tsaya a matsayinsa. Yana can wata jiha a bayan sitiyari, ƙarfe shida na safe, wayarsa ta yi ƙara, ke kina hanyar asibiti, yarinya ta tashi da zazzaɓi, shi kuma tsakaninsa da gida tafiyar yini ce. Wannan hoton yake gani, kuma har yanzu ba wanda ya nuna masa yadda za a yi da shi. Akwai kuma abin da maza ba su cika furtawa ba: idan kin rage aiki, duk nauyin gida ya koma wuyansa na shekara guda, ba shi da damar yin ciwo ko motar ta lalace. Idan ya ce sai baɗi, mai yiwuwa abin da yake nufi shi ne bai ga lissafin ya fita ba.

Inda nake da ja da maganarsa shi ne, baɗi ba ta zuwa da mafita don kanta. Hayar tana nan, tafiye-tafiyensa suna nan, ke kuma kin ƙara shekara kina ɗaga tsofaffi da bayanki. Don haka ki tambaye shi cikin ladabi, me yake ganin zai canza nan da baɗi? Idan ya ce bashin mota zai ƙare a wata kaza, ko ƙaramar za ta shiga makaranta ta yini, ko ya nemi a mayar da shi hanyar kusa da zai riƙa kwana a gida, to wannan hujja ce mai nauyi, kuma ɗagawa ta zama shiri. Idan kuwa ba shi da amsa sai Allah ya kai mu, to ku biyun kun gane cewa tsoro ne kawai, kuma tsoro ana iya zama a warware shi a kan takarda.

Ki zaɓi ranar da ya dawo ya huta, ya ci abinci, yara sun kwanta. Kada ki tare shi a bakin ƙofa, kada kuma ki yi maganar ta waya yana tuƙi. Ki zo da takarda kin riga kin rubuta abin da ke shigowa yanzu, abin da zai ragu idan kin koma aikin ƙarshen mako, da abin da ke fita kowane wata. Ki ce masa, "Baban yara, ba so nake in ɗora maka kaya ba. Ga yadda na lissafa, ga gibin da na gani, ga inda nake tunanin za mu toshe shi. Duba ka gaya mini abin da na manta." Ki bar shi ya riƙe biron. Zai tuna abubuwan da ba ki sa ba, inshorar mota ko kuɗin da ake aikawa iyaye, kuma gara su fito yanzu. Mutum ya fi tsayawa kan shirin da aka yi da shi.

Kafin wannan zama ki yi 'yar zirga-zirga, don kada ki je masa hannu rabbana. Ki cike fom ɗin FAFSA a makon nan idan ba ki cike ba. Kyauta ne, kuma da shi ake tantance tallafin gwamnatin tarayya ga 'yan ƙasa da masu katin zama na dindindin. Tallafin Pell ba bashi ba ne, ba a biyan sa, kuma mafi yawan abin da ake bayarwa a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 dala 7,395 ne, gwargwadon samun gida. Ki je ofishin tallafin ɗalibai na kwalejin da ƙafarki, ki zauna da mutum, ki tambayi jimillar abin da shekarar za ta ci. Kuɗin makaranta kaɗai ake rubutawa da manyan baƙi, amma akwai littattafai, rigunan aiki, takalmi, abin sauraren ƙirji, alluran rigakafi, gwajin tarin fuka, binciken tarihin laifi, gwajin ƙwaya, takardar shaidar koyon farfaɗo da bugun zuciya, man mota zuwa asibitocin da za a tura ki, sannan a ƙarshe dala 200 na rajistar NCLEX da kuɗin lasisi na jiha. Idan kina gudun bashi mai kuɗin ruwa, ki tambaya ko suna da tsarin biya kashi-kashi a cikin zango. Kwalejoji da yawa suna da shi. Ki kuma leƙa cibiyar neman aiki ta gwamnati da ke yankinku, domin a ƙarƙashin dokar WIOA ta 2014 akwai kuɗin horar da ma'aikata, kuma karatun LPN yana cikin abin da akan biya a wurare da dama.

Wurin aikinki ma ƙofa ce. Gidajen kula da tsofaffi su ne suka fi ɗaukar LPN, kuma wasu suna biya wa CNA ɗinsu kuɗin karatu bisa alƙawarin za ta yi musu aiki shekara ɗaya ko biyu bayan ta gama. Idan an miƙa miki irin wannan yarjejeniya, ki kawo ta gida ku karanta tare, musamman sakin da ke faɗin abin da za ki biya idan ba ki gama karatun ba ko kika bar aikin da wuri. Sai wani abu da mutane ke mantawa har sai ya same su: idan inshorar lafiyar gidanku ta wurin aikinki take, rage sa'o'i zuwa ƙasa da 30 a mako yana iya cire ki daga cikinta. Ki tambayi ofishin ma'aikata kafin ki canza jadawali, ki kuma bincika ko yaran za su cancanci Medicaid ko CHIP, inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin samu, a shekarar da samu zai ragu.

A ɗaya gefen takardar ki rubuta abin da ake nema da wannan wahala, don shi ma yana da haƙƙin a gan shi. A ƙididdigar ofishin alƙaluman ƙwadago na Amurka ta watan Mayun 2023, matsakaicin albashin mataimakan jinya irinki dala 38,000 ne da 'yan kai a shekara, na LPN kuwa ya kusa 60,000. Jiha da jiha sun bambanta, don haka ki tambayi LPN ɗin da kuke aiki tare nawa ake fara biyan sabuwa a awa. Direba ya san lissafin hanya. Idan ya ga takurar wata 12 a gefe guda da wannan bambanci na kowace shekara a ɗaya gefen, ba sai kin yi dogon bayani ba.

Batun yara ya fi na kuɗi wuya, kuma a nan ba na son ki yi mini amsar "za mu san yadda za mu yi". Ranakun aji da sauƙi. Ranakun zuwa asibiti ko gidan jinya su ne matsala, domin akan so ɗaliba ta kasance a wurin tun wajen shida da rabi na safe, a lokacin da wuraren renon yara da yawa ba su buɗe ba, motar makarantar babban kuma ba ta zo ba. Kina buƙatar mutum takamaimai, mai suna da lambar waya, da za ta karɓi yaran tun kafin gari ya waye, kina kuma buƙatar ta biyu don ranar da ta farkon ta gaza. Ki nemi littafin dokokin ɗalibai tun yanzu ki karanta sashen fashin zuwa. Za ki ga makarantu da yawa ba sa yafe fiye da kwana ɗaya ko biyu na fashin asibiti, wasu ma makara ta 'yan mintoci fashi suke ɗaukar ta, saboda sa'o'in nan hukumar jiha ce ta gindaya su, malama ba ta da ikon yafewa ko da tana tausayinki. Ki bincika tallafin renon yara na jiharku, da shirin Head Start na karatun yara kafin firamare, idan ƙaramar ta kai shekara uku kuma samunku ya shiga ma'auninsu. Maigida kuma ya gwada magana da mai tsara musu tafiye-tafiye, ko za a riƙa daidaita kwanakin hutunsa da ranakun asibitinki. Ko rabi aka samu an rage.

Aiki kuwa, ki tsaya a duti biyu a mako, Asabar da Lahadi in zai yiwu. Kada ki yarda da aikin dare a daren da za ki wayi gari a asibiti, komai matsin da aka yi miki. Wadda ba ta yi barci ba bai kamata ta riƙe sirinji ba.

Ƙawarki mai RN tana da gaskiya a wani ɓangare. RN ta fi albashi, a ƙididdigar nan da na ambata matsakaicinta ya kai dala 86,000, ta fi faɗin hurumi, kuma LPN a ƙarƙashin jagorancin RN ko likita take aiki. Idan burinki sashen kulawa ta musamman ne ko ɗakin haihuwa na babban asibiti, to RN ce za ta kai ki. Da budurwa ce ta rubuto mini, tana gidan iyayenta ba haya ba goyo, da na ce ta bi shawarar ƙawarki. Amma mafi gajartar hanyar RN shekara biyu ce, bayan an gama darussan share fage irin su ilimin sassan jiki da na ƙananan ƙwayoyin cuta, bayan kuma an sake neman gurbi an jira. Gidan da ke fargabar wata 12 ba za a ce masa ya ɗauki shekara uku ba. Akwai kuma karatun gada daga LPN zuwa RN, wanda mutane da yawa ke yi suna aiki suna karɓar albashin LPN. Abin da za ki yi tun yanzu shi ne ki tambayi kwalejin ko darussan da za ki yi za su ƙirgu idan kin dawo neman RN, kuma ko shirin nasu yana da amincewar ACEN, hukumar da ke tantance ingancin karatun jinya, domin wasu makarantun gaba suna duba wannan. Ki gode wa ƙawarki, ki kuma roƙe ta littattafanta da awa ɗaya a mako ta riƙa yi miki tambayoyi. Ta nan za ta fi yi miki amfani.

Lissafin da kike tsoro bai wuce ninkawa da rabawa ba. Likita ya rubuta miligiram 500, ƙwayar da ke cikin kwalba ta 250 ce, nawa za ki bayar? Biyu. Na san kin amsa kafin ki gama karantawa. Maganin ruwa mai miligiram 250 a cikin kowane mililita 5, an ce a ba da 375, sai ki raba 375 da 250 ki ninka da 5, ya ba ki mililita 7.5. Yaro mai nauyin fam 44, ki raba da 2.2 ya zama kilo 20, idan an ce miligiram 10 ga kowane kilo, 200 ke nan. Yawancinsa haka yake, sai lissafin ɗigon ƙarin ruwa da za a koya muku. Abin da ya sa yake firgita ɗalibai shi ne makin da ake nema a jarrabawarsa yana da tsauri, makarantu da yawa 90 cikin 100 suke so ko fiye, kuma suna da hujja: ɗigo ɗaya ya kauce daga wurinsa, magani ya ninku sau goma. Shi ya sa za a hore ku da rubuta 0.5 da sifirinsa a gaba, a kuma hana ku rubuta 5.0, kada wani ya karanta 50. Ki samo littafin lissafin magunguna, ko na aro ne daga ɗakin karatu, ki riƙa yin tambaya goma kullum daga yau har ranar da za a fara. Da hannu, a kan takarda, kina rubuta ma'aunin kusa da kowace lamba.

Turanci kuma, kalmomin likitanci baƙi ne ga kowa a ajin, har waɗanda aka haifa a can. Inda za ki fi jin jiki shi ne salon tambayoyin. A jarrabawar jinya sau da yawa amsoshi huɗun duk suna da kamar gaskiya, ana so ne ki zaɓi wadda za a fara yi. Misali a ce ga marasa lafiya huɗu: ɗaya yana kukan ciwo yana neman magani, ɗaya lokacin canza masa bandeji ya yi, ɗaya 'yarsa tana faɗa tana son ganin nas, ɗaya kuma ya yi shiru amma numfashinsa ya fara sama-sama. Wa za ki fara zuwa wurinsa? Mai numfashin, ko da shi ne bai kira ki ba, domin hanyar iska da numfashi da zagayawar jini su ke gaba da komai. Wannan tunanin ake koyo, kuma ba a samun sa ta haddace shafi. Bayan kowane babi ki yi tambayoyin gwaji, ki karanta dalilin kowace amsa, har waɗanda kika ci. Ki kuma yi hattara da tarkon da ke kama tsofaffin CNA: kin saba da yadda ake yi a wurin aiki ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, jarrabawa kuwa yadda littafi ya ce take tambaya, kamar kina da isasshen lokaci da isassun kayan aiki.

Makin wucewa a makarantun jinya yakan kama daga 75 zuwa sama, kuma darussan a jere suke, wanda ya faɗi ɗaya yakan jira zagaye na gaba, sau da yawa dama ɗaya ake ƙara masa. Saboda haka idan gwajin farko ya zo da maki maras daɗi, kada kunya ta sa ki ɓuya. A makon nan ki je ofishin malamar da takardarki, ki ce ta nuna miki inda tunaninki ya karkace. Ki samu abokan karatu biyu, kada su wuce uku, masu zuwa da littafi ba da hira ba.

A asibiti ne za ki ga ribar shekarunki huɗu. Ranar da 'yan ajinku za su tsaya cirko-cirko a bakin gadon tsohon da ya ɓata shimfiɗarsa, ke kin riga kin sa safar hannu. Kin san yadda ake magana da mai ruɗewar tsufa, kin san jan fatar da ke nuna gyambon kwanciya na tafe. Sabon abu a wurinki shi ne dalili. Za ki tsaya gaban keken magunguna da ƙwayar digoxin a ɗan kofi, malama ta tare ki ta ce, wannan na mene ne, me za ki duba kafin ki bayar? Ana so ki ce maganin zuciya ne, za ki sa abin sauraro a ƙirjinsa ki ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya cur, idan ya gaza 60 ki dakata ki sanar. Sannan ki duba sunan mara lafiya da ranar haihuwarsa a abin hannunsa, ki tabbatar da maganin, da adadinsa, da hanyar bayarwa, da lokacinsa. Daren da ya gabata ake shirya wannan, shi ya sa na hana ki aikin dare. Idan ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, za ki duba. Malaman jinya suna yafe rashin sani, amma ba sa yafe ƙirƙirar amsa ko rubuta awon da ba a yi ba. Kada kuma ƙwarewarki ta sa ki zama mai yi wa kowa wanka da gyaran gado alhali wasu suna can suna koyon allura. Ki miƙa hannu ki ce ke ma kina son ki gwada.

Wasu 'yan abubuwa da ke korar ɗaliba nan take: ɗaukar hoto a ɗakin marasa lafiya, ko ba da labarin wani mara lafiya a WhatsApp, ko da ba a ambaci suna ba. Dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA ba wasa ba ce a wurinsu. A wurin aikinki kuma, har ranar da lasisi zai fito ke CNA ce. Kada wata nas da aiki ya yi wa yawa ta miƙo miki magani ta ce ai kin koya. Idan kina sa hijabi ko kina son 'yan mintoci na salla a ranakun asibiti, ki yi maganar da shugabar shirin tun kafin a fara, a rubuce, ta gaya miki launi da irin wanda ya dace da ƙa'idar tsafta. Abu ne da aka saba daidaitawa idan an yi maganarsa da wuri.

NCLEX-PN ɗin kanta ki ajiye damuwarta zuwa zango na ƙarshe. A kwamfuta ake yin ta, tambayoyi tsakanin 85 da 150 cikin awa biyar, kuma tun watan Afrilun 2023 aka ƙara mata tambayoyin da ke ba da labarin mara lafiya a bi shi mataki-mataki. Wanda bai ci ba yana iya sakewa bayan kwana 45. Ki dai yi ƙoƙari ki zauna ta cikin 'yan makonni bayan kammalawa, tun karatun yana da ɗumi.

Ki ba kanki mako biyu daga yau. Idan a cikinsu kin samu masu riƙon yara biyu, lissafin wata-wata ya rufe ko da da ƙyar ne, kuma maigida ya ce ki je da zuciya ɗaya, to ki sayi rigunan aikinki. Ki lura da wannan na ƙarshen. "Yi abin da kika ga dama" ba amincewa ba ce, kuma za ta dawo miki a wata na biyar, daren jarrabawa, lokacin da ba ki da ƙarfin gardama. Idan kin ji irin wannan amsa, ki sake zama da shi, ko ku sa wani babba da yake jin nauyinsa, wanda kuma ya san yadda rayuwar can take.

Idan kuwa mako biyun sun cika abu ɗaya bai daidaita ba, musamman na yara, to da muguwar rawa gara ƙin tashi. Shiga a fita a tsakiya ya fi ɗagawa tsada, domin kuɗin zangon ya tafi, wani ɓangare na tallafin ma ana iya cewa ki mayar, kuma faɗuwar tana zama a takardunki. Amma ɗagawar ki yi ta da tsari. Ki rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai ki tambaya ko suna ajiye gurbi zuwa shiga ta gaba ko sai an sake nema, da kuma tsawon lokacin da sakamakon jarrabawar shigarki zai ci gaba da aiki, domin yana da wa'adi. Wasu kwalejojin suna ɗauka sau biyu a shekara, wasu suna da tsarin yamma da ƙarshen mako mai ɗaukar wata 18 zuwa 24, wanda zai iya fi dacewa da gidan direba. Ku sa ranar farawa a takarda ke da maigida, ku buɗe asusu daban kuna zuba wani abu duk wata, ke kuma ki ɗauki darasin ilimin sassan jiki guda ɗaya a wannan tsakanin idan kwalejin ta tabbatar zai ƙirgu. Wannan tambayar ta ajiye gurbi ki aika ta tun gobe, kafin ma ku zauna, don ki shiga maganar kina sane da ƙofofin da ke buɗe. Allah ya yi miki jagora, ya kuma dawo da maigida gida lafiya.